Awon Faifan Sakkwato da Mudun Amurka

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, alhali kuwa na daɗe da yi wa kaina alkawarin barin jayayya da yaran zamani a kan sha'anin kiɗa da waƙa, wata kalma ce guda da ɗan ƙanwata ya jefe ni da ita ran nan bayan La'asar, muna zaune a zaure, ina sauraren waƙoƙin farko na Mdou Moctar a tsohuwar wayata. Yaron ya dawo hutu daga karatu a Sakkwato, kansa cike da sababbin ra'ayoyi kamar buhun da aka ɗinke da ƙyar. Ya kasa kunne kaɗan, ya yi murmushin nan na wanda ya ga dattijo ya ɓata hanya, sa'an nan ya ce, "Kawu, wanga ai gwaji na, tun bai san hannunai ba. Bari in sa maka na gaske." Na ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, bar min gwajina." Ya tafi abinsa, kalmar kuwa ta kwana tana yi mini ƙaiƙayi.

Ban shiga mas'alar halaccin kiɗa ba, wannan fage ne na malamai, kuma sun yi bayani gwargwadon hali. Ƙorafina a kan adalci ne wajen hukunta aikin mutum, musamman aikinsa na fari, wanda ya yi shi kaɗai, ba ƙungiya, ba suna, ba mai jiran ya ga abin da zai fitar.

Ku da muka saba tattaunawa kun san Mdou Moctar. Buzu ne daga jihar Tawa ta ƙasar Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, bahago ne, kuma jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke. Yau ana lissafa shi cikin manyan makaɗan jita na kiɗan rok a duniya, yana cika dandali a Turai da Amurka. Amma kundinsa na farko, wanda ya sa wa suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi cikin shekarar 2008, a irin situdiyon nan da muka sani, inda fiyano ke tsayawa a matsayin makaɗa goma, na'ura ke buga ganga ba gajiya, wata na'urar kuma ta kama muryar mawaƙi ta lanƙwasa ta har ta riƙa rawa kamar ana busa ta ta cikin karan dawa. Wato dai ya zo gidanmu, ya tarar da tukunyar da muke dafa waƙoƙin nanaye, ya zuba Buzancinsa a ciki. Ba wani kamfani da ya buga kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta bulutut da memori, har ya ƙetare Sahara ya kai Kidal ta ƙasar Mali, inda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, Tahoultine, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen hamada, daga baya ya bi sawu har ya gano mai ita.

Ni kuwa isnadina ya fi nasa gajarta, kuma ina alfahari da haka. A shekarun da haƙar zinariya ta tashi a wannan yanki namu, daga Sunke da Bagega ta ƙasar Anka har ƙauyukan Bukkuyum, kafin musibar gubar dalma ta 2010 ta bayyana ta ɗauke mana yara masu yawa, Allah ya jiƙansu, mutane sun yi ta kwararowa daga ko'ina, kowa da 'yar wayarsa a aljihu. Wani Buzu mai sayar da shayi ne ya tura mini waƙoƙin, shi kuma daga wani direba ya karɓa, direban kuma ya ce daga mai tura waƙoƙi a tasha. Babu sunan mawaƙi a jiki, babu hoto, sai wasu lambobi. Na shekara da shekaru ina saurarensu ban san na wane ne ba, kuma ina ganin wannan jahilci nawa ni'ima ce, domin na auna su da kunnena kafin wani ya gaya mini abin da ya kamata in ji.

To, me ake nufi da gwaji? In an ce gwaji, ana nufin abu ne da aka yi don a ga ko zai yiwu, a jefar in an sami wanda ya fi shi. Masu wannan magana sun ɗauki kundayen mutumin kamar nasihi da mansuhi, na baya ya shafe hukuncin na gaba: da Ilana ya fito a 2019, wanda aka ɗauka a birnin Detroit da cikakkiyar ƙungiya, sai Anar ya zama mansuhi, da Afrique Victime ya fito a 2021 a kamfanin Matador, sai aka naɗe tabarmar duk abin da ya gabata. Allah ya gafarta mini aron kalmomin malamai a wurin da bai kai darajarsu ba, amma ko ɗalibin da bai wuce Iziyya ba ya san ba a yin ƙiyasi tsakanin abubuwa biyu sai illarsu ta zo ɗaya. Ilana an yi shi ne don babban dandali, don jita ta yi kururuwa, ganguna su girgiza ƙirji, dubban mutane su tsaya a tsaye. Anar kuwa an yi shi don ƙaramar lasifikar waya, wadda ba ta ɗaukar nauyin sauti mai kauri, don saurayi ɗaya a bakin rijiya ko a bayan mota, da dare, yana tunanin wadda ya baro. Wanda ya zargi Anar da cewa jitarsa ba ta tsawa, daidai yake da wanda ya zargi kuntigin Ɗanmaraya Jos da cewa bai kai tambari amo ba.

Har ila yau kalmar tana da wata fuska, wadda ta fi ba ni haushi, domin ita a rigar yabo take zuwa. Lokacin da aka buga Anar a faifan garmaho a Amurka cikin 2014, masu sharhi na can suka yi ta mamakinsa, suna ɗaukarsa wani baƙon sauti da ya faɗo daga sararin samaniya, wai ga wani ɗan hamada ya ƙago abin da ba a taɓa ji ba. Subhanallahi! Abin da ba a taɓa ji ba a ina? Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Gummi zuwa Sakkwato a waɗannan shekaru, ko ya zauna gidan biki, ko ya wuce shagon masu sayar da kaset, ya ji wannan fiyano da wannan lanƙwasasshiyar murya har sun gundure shi. Sana'a ce da yaran Kano da Kaduna da Sakkwato suka ƙware a kai tun tashin finafinan Hausa, da fiyanon Yamaha da 'yar kwamfuta, cikin ɗakunan da ba su fi shagon tela ba. Abin da yake sabo a Anar shi ne haɗa wannan sana'a da karin waƙar Abzinawa, kuma wannan hikimar mai kundin ce, ba mai ƙwace masa. Amma rabin aikin namu ne, kuma ba kasafai ake ambaton masu shi da sunan da ya dace ba. A wurin masu sharhin can gwaji ne saboda baƙo ne ga kunnensu. A wurin ɗan ƙanwata gwaji ne saboda ya yi kama da na gida. Kowa ta inda ya ɓullo, sai ya sauka a kan kalma ɗaya.

Kuma a nan ne laifin ya dawo kanmu. Mu ne muka raina nanaye, muka kira shi kiɗan 'yan mata da masu aikin gida, muka ce ba shi da asali, ba kotso, ba taushi, ba kalangu. Ni kaina na faɗi haka a majalisa fiye da sau ɗaya, kuma ban janye duka ba. Sai ga shi wani baƙo ya zo ya ɗebi abin da muka zubar a bayan gida, ya yi masa ado, ya ƙetara da shi teku. Yaron da yake gaya mini gwaji ne, da a ce faifan nan a Landan aka ɗauke shi da irin wannan sauti, na rantse da ya kira shi fasaha, ya kuma nemo mini dogon Turanci ya ɗora a kai.

Kada a ce na rufe ido. Akwai aibi a Anar, kuma ba ƙarami ba. Na'urar muryar nan an sakar mata linzami fiye da kima, har wani lokaci mutum ya rasa ko ɗan Adam ne ke waƙar ko sauro ne ya shiga kwalba. Gangar na'ura ba ta numfashi, ba ta jinkirta wa mawaƙi in ya so ya ja baiti, ba ta zabura in ya zabura, tafiya ɗaya take yi kamar jakin da ya san hanyar gida. In ka saurari kundin daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, waƙoƙin sukan fara kama da juna. Kuma gaskiya ne cewa wanda ya ji Anar kaɗai ba zai taɓa zaton hannun hagun nan zai iya abin da ya yi daga baya ba. Na yarda. Ranar da na fara jin Afrique Victime sai da na ajiye kofin shayina. Amma yarda da cewa ƙane ya fi wa tsawo ba ta sa a ce wan ba ɗa ba ne.

Wani abin da nake ganin ya ruɗe mu shi ne, mu a al'adarmu ba mu saba jin ƙuruciyar makaɗi ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana bin mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sa'an nan ya zama daudun kiɗi a ƙarƙashin wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya har ya kai ga yi wa Sardauna waƙa. Duk tuntuɓen da ɗan koyo ke yi, a cikin amshi yake yinsa, muryoyin 'yan'uwa sun rufa masa asiri, gonar da aka yi kiɗan noma ta shanye kuskuren, iska ta tafi da shi. Ɗanƙwairon da ke kunnenmu gwani ne da ya riga ya nuna. Saboda haka muka ɗauka gwani haka yake faɗowa, cikakke. Makaɗin zamani kuwa ba shi da wannan sutura: abin da ya yi yana saurayi, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, yana nan a ajiye, kowane yaro mai waya yana iya jawo shi ya kafa masa kotu. Ko Turawan ma sun yi wannan rashin insafi ga nasu. Paul McCartney, da ƙungiyarsu ta Beatles ta watse, ya fitar da kundi a 1970 wanda ya ɗauki yawancinsa a gidansa, shi ne mai jita, shi ne mai ganga. Masu sharhi suka yi masa ca, suka ƙara da na bayansa, Ram, a 1971, don sun auna su da mudun Beatles. Ba su sassauta masa sosai ba sai da ya je Ikko a 1973 ya ɗauko Band on the Run. Yau jikokin waɗancan masu sharhi su ne ke rantsuwa da Ram.

Wani abokina, da ya ga na hasala, ya so ya sasanta, ya ce ai Anar ɗanyen dutse ne mai zinariya a ciki, aka kai shi Amurka aka tace. Na gode masa da niyya, amma ban karɓi sulhun ba, domin mu mutanen nan mun san abin da ake yi da dutse bayan an cire zinariyar, kuma mun san abin da ya jawo mana. Anar ba dutsen da ake niƙawa a watsar ba ne. Shi kansa mai shi bai tafi a miƙe daga ƙaramin sauti zuwa babba ba, balle a ce matakala yake hawa: a 2013 ya fitar da Afelan, wanda aka ɗauka a ƙauye cikin jama'a, a 2017 kuma ya koma shi kaɗai ya yi Sousoume Tamachek, mai sanyi, yana kaɗa komai da kansa. Mutum ne mai ɗakuna da yawa a gidansa, ɗan ƙanwata kuwa zaure kawai ya leƙa.

Na tuna watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, muka wayi gari ba kira, ba saƙo, ba intanet. Duk waƙoƙin da samari ke saurara daga sama suka ɗauke kamar ruwan bazara. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin memori, aka koma tura wa juna hannu da hannu kamar dā. A waɗannan makonni na ji Tahoultine tana tashi daga wayar wani mai facin taya, da 'yar muryar nan tata mai rawa, cikin garin da ya yi tsit, kuma ban ji kowa ya ce da ita gwaji ba.

Shekaranjiya yaron ya sake shigowa zaure, ya yi gaisuwa, ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce, "Kawu, ashe faifan nan naka har a Amurka an buga shi. Ko za ka tura man?" Na tambaye shi wane ne ya gaya masa, ya ce a waya ya karanta. Na ce to ya bari sai bayan Isha'i, wayata ba caji, kuma ya zo da tasa memorin, don tawa ba ta fita daga gidan nan.