Daga Masaƙa Zuwa Dandamali: Yadda Ake Shirya Bikin Nunin Tufafi

Mai nuna riga a kan dandamali ba ta cika minti guda a gaban jama'a ba. Ta fito, ta taka, ta juya, ta koma. Amma kafin wannan minti an shafe watanni ana awo da lissafi. Duk telan da ke Larle, ko wata unguwa ta Wagadugu, mai burin tara abokan sana'arsa su nuna wa yankinsu aikin hannunsu, wannan lissafin zai fara koya.

Aikin farko shi ne zaɓe. A bikin Ouaga Fashion Week na watan Mayun 2022, wanda Alex Zabsonré ya jagoranta, masu ɗinki wajen 200 ne suka nemi shiga, aka ɗauki kimanin 35. Gwanin zaɓe ba ya yarda da hoto. Yakan karɓi riga ya juya cikinta waje, ya bi layin ɗinki da yatsa, ya ja hammata ya ga ko za ta ɓarke. Daga nan sai ya tambayi mai ita ko zai iya fitar da irinta goma cikin wata guda idan aka nema.

Sai yadi. Alfaharin Burkina Faso shi ne Faso Dan Fani, saƙin audugar da Thomas Sankara ya ɗaukaka a mulkinsa, daga 1983 zuwa 1987. Yau mata ne suka fi saƙa shi. Masaƙiya takan rina zarenta, ta shanya, sannan ta ja zaren tsaye tana ƙirga silin kowane launi, domin a wannan ƙirga zanen yake. Sili ɗaya bayan ɗaya take zura su ta cikin allera, wato igiyoyin da ke ɗaga rabin zaren su sauke rabi, sannan ta masefi, abin da ke dannawa. Ta taka da ƙafa, zare ya buɗe baki, ta wurga ƙoshiya mai ɗauke da zaren kwance, ta buga masefi. Dole ƙarfin bugun ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, in ba haka ba wani wuri ya yi kauri wani ya yi shara-shara. Shi ya sa mai shirya biki ke ba da aikin saƙa tun da sauran watanni, haka ma Koko Dunda, rinin Bobo-Dioulasso da mai ɗinki Bazem'Se ya fito da shi idon duniya.

Tela ba ya kai almakashi kan saƙi sai ya wanke shi, saboda auduga na tsukewa a wankin farko. Bayan guga sai ya shimfiɗa, ya zana da alli yadda ratsin hannu zai haɗu da ratsin jiki a kafaɗa. Da ya yanka sai ya ɗaure bakin yadin nan take, don saƙin hannu saurin warwarewa gare shi.

Ana saura mako guda ake gwaji. Kowace mai nuna kaya tana da katin da aka rubuta tsawonta, ƙugu, kafaɗa da lambar takalmi. A sa mata riga, a ce ta yi tafiya, domin rigar da ta zauna a tsaye tana iya harɗe ƙafa a tafiya. Tela na durƙushe da allurai a bakinsa, yana kama nan yana sakin can. Idan an gama, a ɗauki hotonta da cikakkiyar shiga, a manna a jikin marataya tare da ɗankunne da ɗankwali. Jerin fita kuwa da agogo ake tsara shi. Wadda ta fita ta farko ba za ta sake fita ba sai mutum bakwai ko takwas sun wuce, don ta samu mintin canza kaya. Sabon takalmi ana kankare ƙasansa kada ya yi santsi.

Fitila ma da iliminta. Fara ake haskawa a kan dandamali, domin ja ko shuɗiya na ɓata launin da marina suka sha wuya a kansa. A bikin nan na 2022 wuta ta yi ta ɗaukewa, har da fitilar waya aka riƙa yin kwalliya a bayan labule, kuma ba a fasa ba. Mai shiri yakan tanadi janareta, ya gwada shi da dukan fitilu a kunne, ya kuma kauce wa tsakiyar damina idan fili ne buɗaɗɗe. Mai ɗinki Alphadi ya nuna iyakar abin da tanadi ke iya yi lokacin da ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, inda sai da aka kai komai, daga ruwan sha har wutar lantarki.

Wanda ya wuni a inuwa yana kallon masu wucewa zai iya cewa ai yawo ne da kwalliya. Mai riƙe da takardar jeri a bakin labule bai zauna ba tun asuba, kuma ya san Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tafi ba ya biyan masaƙiya. Saboda haka gwanin shiri yakan buɗe rumfuna washegari, kamar yadda ake yi a SIAO, kasuwar baje kolin sana'o'in hannu da Wagadugu ke karɓa tun 1988. Kowane tela ya zo da farashinsa a rubuce, da tef ɗin awo, da littafin ɗaukar aiki. Ɗan kasuwar Yamai ko Kano ya taɓa yadin, ya ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar karɓa. Da abin da ya shiga littafin nan ake sayen zaren bikin baɗi.