Suna da Littafi, Ba Su Buɗe Shi

Ya kai mai karatu, ka san ran 25 ga Disamba ba a aiki a ofisoshin gwamnati a Nijar. Ranar Nowel ce, wadda a Najeriya ake ce ma Kirsimeti. Kirista suna murnar haihuwar Annabi Isa, wanda suke kira Yesu. A Turai da Amurka babu sallar da ta kai ta girma. To, amma da yawa daga cikin masu yin ta ba su san abin da littafinsu, Baibul, ya faɗa a kanta ba.

A shekarar 2010 wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew ta yi ma mutane fiye da 3,000 tambayoyi a kan addini. Cikin kowane mutum 100, 45 kaɗai suka iya kawo sunayen littattafan Linjila huɗu, wato Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Ka tuna, ƙasa ce inda kusan kowa ya yi lakwal.

Cikin littattafan nan huɗu, biyu ne suka ba da labarin haihuwar: Matiyu da Luka. Babu wanda ya faɗi rana ko wata. A birnin Rum aka fara samun 25 ga Disamba a rubuce, wajen shekara ta 336. Har yau Kiristan Habasha da Kibɗawan Masar ran 7 ga Janairu suke yin tasu sallar.

Ana cewa sarakuna uku suka zo gaida jariri. Matiyu bai ce sarakuna ba ne, bai kuma ce su uku ne ba. Masana ne daga gabas, suka kawo kyauta iri uku: zinariya, lubban da mur. Daga yawan kyautar mutane suka ƙirga baƙin. Sa da jakin da ake zanawa kusa da jariri, su ma Luka bai ambace su ba.

Itacen da ake ƙawatawa da fitilu fa? Al'adar Jamusawa ce, tun wajen shekaru 500 da suka wuce. Ta bazu a Ingila bayan 1848, da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da irin itacen. Tsohon nan mai farin gemu da jar riga, wanda Faransawa ke ce ma Baban Nowel, asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikolas. Ya zauna a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, shekara wajen 300 bayan Annabi Isa. An san shi da kyauta ga matalauta.

Al'ada ba laifi ba ce. Uba ya sai ma ɗansa kyauta, dangi su taru su ci abinci, wa zai ƙi wannan? Laifin shi ne mutum ya rantse abu yana cikin littafi, alhali daga bakin kakarsa ya ji shi. Wanda bai iya karatu ba yana da hanzari. Wanda ya iya, littafi na ɗakinsa ƙura ta rufe shi, ba ya da ta cewa.

Kada ka yi masu dariya tukuna. Dubi aure a garinku. Sadaki addini ya wajabta shi. Akwatunan tufafi da kayan ɗakin da ke sa manomi ya sai da hatsinsa tun kaka, ya ci bashi da bazara, al'ada ce. Mutum nawa suka san bambancin?

Yanzu da ka iya haɗa baƙi da wasali, in an ce maka « haka littafi ya ce », tambaya: wane littafi, wane shafi? In na Larabci ne, je wurin malam ya karanta maka, ya fassara. In Baibul ne, an buga shi da Hausa tun 1932. Matambayi ba ya ɓata.