Ma'aunin da Bai Dace da Masassaƙin Gwandu Ba

A cikin 1963 William Fagg ya fitar da littafinsa Nigerian Images, wanda ya daɗe yana zama madogara ga masu koyar da fasahar Nijeriya. Littafi ne mai kyau, amma hankalinsa yana kan Ife da Binin da gumakan Yarbawa. Wanda ya karanta shi sai ya zaci babu sassaƙa sai inda aka fitar da fuska da hanci. In aka bi wannan ma'auni, to, masassaƙin Gwandu ko na Kalgo ba shi da abin nunawa, domin ƙasa ce ta Abdullahi ɗan Fodiyo, inda malamai suka ƙi surar mai rai.

Kuskuren yana nan tun daga kalmar. Bahaushe in ya ce sassaƙa, nufinsa rage itace da gizago har abin amfani ya fito, watau turmi, da taɓarya, da akushi, da ƙota, da allo. Gwaninta kuwa tana da wurin aunawa. Turmin ƙirya, in an rarake shi ya yi zurfi ainun, gindinsa zai fashe. In bai yi zurfi ba, hatsi ya yi ta tsalle. Mace takan gane na ƙwarai da amonsa tun kafin ta ɗaga shi. Allo kuma, wanda akan fi so na aduwa, dole fuskarsa ta yi sumul yadda tawada za ta zauna, a wanke, a sake rubutu shekara da shekaru. Lalle wannan hukunci ne na masana, ko da ba a rubuta shi ba.

David Heathcote ya gyara wani abu a 1976 da The Arts of the Hausa, amma shi ma ado ya fi jan idonsa, kamar su ɗinki da zanen gini.

Batun ciniki kuwa, kwanon sha da roba sun kori akushi daga gidaje da yawa, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ƙirya kuma ta yi wuya, ga maƙera na son gawayinta. Allo dai bai gushe ba. Malaman kwalejojin horo da ke wannan yanki za su fi amfanar ɗalibansu in sun tura su kasuwa su tattara sunayen itatuwa da na kayan aiki daga bakin masassaƙa.