Bisa fassarar «désertification» da wasu kalmomin kimiyyar muhalli a Hausa

Tun da aka ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, a shekara ta 2025, zancen kalmomin kimiyya ya wuce hirar masu ƙamus, domin da kalmomin da muka amince da su yau za a rubuta littattafan makaranta. A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba kaɗan daga cikin kalmomin da rediyo da ƙananan ƙamus na ayyukan raya karkara suka saba da su a fannin muhalli. Za mu daɗe bisa ɗaya, wadda muke ganin kuskurenta ya fi na sauran tsada.

Kalmar ita ce «gurgusowar hamada», wadda ake ba da ita daidai da «désertification». A Najeriya an fi jin «kwararowar hamada». Ta fuskar ƙira ba ta da aibi, Hausa ce tsantsa, kuma tana da daɗin faɗi. Amma mu dubi abin da ke cikinta. «Gurguso» da «kwararo» duka biyu aikatau ne na aji na 6 a tsarin Parsons (1960), wato masu ƙarewa da -o, waɗanda ke nuna tafiya zuwa wajen mai magana. Sa'an nan aikatau ɗin ba ya ɗaukar karɓau, saboda haka sunan da ke bin mahaɗin -r shi ne mai aikin. Mu kwatanta:

(1) Hamada tana gurgusowa.
(2) Ƙasa ta gaji.
(3) Gonar ta koma fako.
(4) Mun gajiyar da ƙasa.

A jimla ta (1) hamada wata aba ce da ke can arewa, ta taso, tana matsowa inda muke. A (2) da (3) ba abin da ya taso daga ko'ina: ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar manomi ce ta sake hali. A (4) kuwa har an sami gurbin mutum. Wani zai ce ai ana iya cewa «sare itace ke gurguso da hamada». Gaskiya ne, amma ko a nan hamadar kaya ce da aka jawo daga wani wuri.

To, mene ne «désertification» ke nufi ga masu fannin? Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da ita a Paris ranar 17 ga Yuni 1994 ta bayyana ta da cewa lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, sakamakon dalilai da dama, ciki har da sauye-sauyen yanayi da ayyukan mutane. Babu tafiya a cikin wannan ma'ana, babu iyakar da ke matsowa. Shi ma Aubréville, wanda littafinsa na 1949 ya yaɗa kalmar, yana maganar dazuzzukan da sara da gobara suka mayar fili ne, nesa da Sahara. Ke nan (2), (3) da (4) su ne suka dace da ma'anar, ba (1) ba.

Abin da (1) ke fassarawa wani tsohon ra'ayi ne, kuma a kan iyakarmu da Najeriya aka haife shi. Stebbing, malamin ilimin gandun daji a Edimbura, ya ratsa wannan yanki da rani a 1934, ya wallafa a 1935 cewa Sahara na cin ƙasa zuwa kudu. Hukumomin mulkin mallaka na Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa wanda ya bi iyakar a 1936 da 1937, bai kuwa sami shaidar haka ba. Ra'ayin ya sake tasowa bayan farin 1973: Lamprey ya ƙiyasta a 1975 cewa hamada ta ci kilomita 90 zuwa 100 a Sudan cikin shekara 17, wato wajen kilomita 5,5 kowace shekara, adadin da aka yi ta maimaitawa a jawabai. Amma ya kwatanta taswirar 1958, lokacin damuna mai albarka, da abin da ya gani bayan fari. Da Tucker da abokan aikinsa suka duba hotunan tauraron ɗan Adam na 1980 zuwa 1990, sai suka ga iyakar ciyayi tana bin ruwan sama: ta sauko kudu da kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, ta koma arewa da kilomita 110 a shekara guda bayan haka. Abin da ke zuwa yana komawa, aikatau na aji na 6 shi kaɗai ba ya iya ɗaukarsa.

Kada a ce mun yi musun abin da ido ke gani. A wajejen Gure, Gudumariya da Maine-Sorowa tuddan rairayi na motsi, suna binne kwaruruka masu dabino da kanwa. A can «gurgusowar rairayi» magana ce daidai, ita ce fassarar «ensablement». Sai dai su ma waɗannan tuddan na wurin ne, tsofaffi, waɗanda suka tashi da ciyawar da ke riƙe da su ta ƙare. Laifin shi ne a ɗauki sunan wannan abu guda a lulluɓe dukan ƙasar noma da shi.

Muna dagewa bisa wannan ne saboda kalma na nuna wa mutum inda zai kai ƙarfinsa. In abokin gaba daga arewa yake zuwa, maganinsa katanga ce, katanga kuwa aikin hukuma ne. Haka aka fara tsara babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, a matsayin layi mai faɗin kilomita 15 daga Senegal zuwa Jibuti, kafin a sake fasalinta zuwa gyaran filaye nan da can. Abin da ya sake fuskar karkarar Maraɗi da Damagaram kuwa a cikin gonaki ya faru. Daga 1983, Tony Rinaudo da manoman jihar Maraɗi suka shiga barin tohon kututturan da ke cikin gona, suna rage rassa, suna barin masu ƙarfi su girma, maimakon a share kome kafin shuka. Binciken Reij da Tappan da abokansu ya ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. A Adar, tassa da rabin wata suka mayar da fako gona. Duk wannan amsa ce ga jimla ta (3): abin da ya koma fako ana iya komo da shi.

Nan ne kuma muke da misalin fassara mai kyau, kuma ba daga ofis ta fito ba. Abin da takardun hukuma ke kira «régénération naturelle assistée», har aka yi masa doka a 2020, a karkara sunansa «sassaben zamani». Kalmar ba ta bi Faransanci ko da gaɓa ɗaya ba. Ta ɗauki aikin da kowane manomi ya sani, sassabe, ta ce masa ga sabon yayinsa, wato ta gaya masa lokacin da zai yi abin da kuma kayan aikin da zai riƙe. Mun taɓa zama a wani taron daidaita kalmomi inda aka ƙi ta, wai ba ta fito da ma'anar «naturelle» ba, aka kawo wata jimla mai kalma bakwai wadda ba mu sake jin ta a bakin kowa ba.

Me za a sa ke nan a gurbin «désertification»? «Lalacewar ƙasa» ita ta fi kusa da ma'anar 1994, amma «ƙasa» na da fuska biyu, mai sauraron rediyo zai iya ɗauka zancen siyasa ake yi. «Gajiyar ƙasa» ta tsira daga wannan, domin manoma sun riga sun ba ta ma'anar raguwar albarka, sai dai ba ta kai ga ƙarshen al'amarin ba. Muna ganin a bar neman kalma guda: «gajiyar ƙasa» ga matakin farko, «zaizaya» ga abin da ruwa da iska ke kwashewa, «komawa fako» ga ƙasar da ta daskare har ruwa ba ya shigarta. Ɗalibin da ya riƙe waɗannan uku ya fi wanda ya haddace kalma ɗaya sanin abin da ke faruwa.

Sauran kalmomin za mu taɓa su a gurguje. «Muhalli», daga Larabci, asalinta wuri ko mazauni. Har yanzu «matsalar muhalli» na iya nufin rashin gidan kwana. Ta riga ta zauna a matsayin «environnement», ba mu ga amfanin tayar da ita ba. «Bambancin halittu» ga «biodiversité» kuwa gara a sake ta, domin «bambanci» na kai hankali ga fifiko da wariya; «yawan ire-iren halittu» ta fi. Wahala ta gaskiya tana wajen «espèce» da «variété»: «iri» na ɗaukar su duka biyu, har da ƙwayar shuka, «jinsi» kuwa nahawu da zancen maza da mata sun riga sun cinye ta.

«Écosystème», wadda Tansley ya gabatar a 1935, ita ce ƙananan ƙamus suka fi barin gurbinta fayau, ko su cika shi da dogon bayani. Lalle Hausa ba ta da suna na gaba ɗaya ga wannan, amma tana da sunayen ɗaiɗaiku: fadama, jigawa, geza, korama. Mai cewa «fadama» ba laka kaɗai yake nufi ba. Ya haɗa da ruwan da ke kusa, da abin da ke tsirowa, da wanda ke noman rani, da dabbar da ke sauka sha. Gawo ma ya isa darasi guda: yana zubar da ganye da damuna, hatsi ya sami rana a ƙarƙashinsa, da rani ya yi ganye da ƴaƴa, bisashe su taru a inuwarsa su bar taki. Shawararmu ga masu rubuta littafin aji ita ce su fara da waɗannan, su kawo «cuɗanyar halittu da mazauninsu» daga baya, a matsayin sunan abin da yaro ya riga ya gane. Ko wannan suna zai karɓu, sai an gwada shi a aji, a Tawa da Damagaram duka, tun da «geza» kanta ba abu ɗaya take nufi a ko'ina ba.