Daga Lifidi Zuwa Sulken Kwali: Tsokaci Kan Kayan Aro

Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Da wannan karin magana manya kan sallami yaron da suka tarar ya duƙufa yana yankan kwali da soson katifa, wai zai haɗa sulke irin na jaruman finafinan ƙagaggen labarin kimiyya. Hukuncin yana da daɗin faɗi, amma ya yi gaggawa. Yaran ƙauyukan Agye, Gazawa da Gidan Rumji sun daɗe suna ƙera mota da karan dawa da waya da gwangwani; wayar salula ce ta ƙaro musu sabon samfuri. Abin da ya dace da malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne su auna wannan aiki da ma'aunin sana'a, su kuma tambayi labarin da yake ɗauke da shi.

Samfurin da ya fi jan hankali shi ne na Iron Man, wanda ya fara fitowa a littafin zane a Amurka a 1963, aka mayar da shi fim a 2008. A cikin fim ɗin, jarumin yana tsare a kogo lokacin da ya haɗa sulkensa na farko da tarkacen ƙarafa, kuma ba mamaki wannan ne ke burge mai ƙaramin hannu. Kafin shi akwai fararen sojojin Star Wars na 1977, waɗanda aka zuba kayansu da roba. Ɗabi'ar yin shigar jarumin labari, wadda Japanawa suka raɗa wa suna kosfile a farkon shekarun 1980, ta zama sana'a mai ƙa'idoji: a fitar da zane a takarda, a ɗora shi kan soso mai tauri irin na tafin silifa, a yanka, a lanƙwasa da zafi, a manne da gam, sannan a shafa fenti.

Mai haɗa irin wannan sulke a gida yakan ci karo da matsaloli uku. Ta farko nauyi da zafi, domin soso ba ya barin iska ta ratsa, ga shi kuwa a watan Afirilu zafin jihar Maraɗi kan wuce digiri 40. Ta biyu gaɓoɓi: in aka yi ƙirji da kafaɗa da gwiwa a dunƙule, mai sanye da kayan ba ya iya zama ko ɗaga hannu, sai an raba su gunduwa-gunduwa an haɗa da igiya ko tsinken tiyub. Ta uku gani da numfashi a cikin hular. Sulken da ya yi kyau a hoto amma mai shi ya kasa taka ƙafa goma a dandali, gunki ne kawai.

Waɗannan matsaloli ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki tsakanin 1390 da 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunarsa. Lifidi tufa ce mai ninki biyu da ake cusa wa auduga ko audugar rimi, a ɗinke ta layi-layi don kada cikon ya taru wuri guda, a rufe doki da mahayinsa. Kibiya mai dafi ta kan maƙale a cikinsa ba ta kai ga fata ba. Maɗinki da baduku da maƙeri ne ke haɗa hannu kafin ɗan lifida ya fita fage.

Gobirawa sun san wannan kaya ciki da waje. A 1826 Baturen Birtaniya Clapperton ya raka rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafa sansani bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya kuma rubuta cewa nauyin lifidi ya kai sai an ɗaga mahayi an aza shi bisa doki. Shekaru goma bayan haka aka yi yaƙin Gawakuke, a 1836, wanda ya yi sanadin kafa Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, a yankin Gidan Rumji na yau. Lifidi yana da wani rauni kuma: kibiyar da aka kunna wa wuta tana iya cinna shi. Soso da gam ma haka suke da wuta, saboda haka bai kamata a bar yaro cikin irin wannan shiga kusa da murhu ko acibalbal ba. Ke nan nauyi, gaɓa da wuta, waɗanda yaron yau ke fama da su, su ne dai kakanninsa suka yi fama da su.

A nan ne hujjar masu cewa kayan aro ke raunana. Lifidi da sulke su ma daga waje suka zo, ta hanyar fatauci da hulɗa da ƙasashen gabas da arewa, amma Hausawa suka sarrafa su da audugar ƙasarsu da launukan rininsu, suka ba su suna da sarauta da kirari, har yau ba a hawan salla a manyan masarautu sai da ƴan lifida. Aro ya zama gado ne saboda an narkar da shi. Haka kuma bai dace a manta ba cewa lifidi kayan yaƙi ne, an sa shi an ƙone garuruwa an kamo bayi; darajarsa ga makaranta tana cikin fasahar ɗinkinsa da tarihin da yake buɗewa.

Laifin sulken kwali, in yana da laifi, yana wurin tsayawa ga kwafi. Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silman Nijar, ya hango wannan tun 1966 a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier: saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. Darasin fim ɗin shi ne tufa tana zuwa da labarinta, wanda ya sa ta ba tare da nasa labari ba, na masu ita zai taka. Yaron da ya kwaikwayi jan sulken Iron Man daidai wa daida ya nuna gwanintar hannu, amma abin da ya ɗora wa jikinsa labarin attajirin maƙerin makamai ne na Amurka.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Ruth Carter, wadda ta tsara kayan fim ɗin Black Panther na 2018, ta ɗebo daga suturar Masai da Ndebele da Basoto da Buzaye ta tufatar da ƙasar da babu ita a taswira, ta kuma samu kyautar Oska a 2019. Idan baƙuwa daga Amurka ta ga makoma a cikin adon Buzaye, ɗan Tsibiri ba shi da uzurin rasa ta cikin lifidi. Adabin Hausa ma bai rasa tushe ba: tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Mutanen wannan littafi suna jiran wanda zai ɗinka musu kaya.

Saboda haka aikin malami da shugaban ƙungiya a fili yake. Kafin a ba ɗalibi almakashi, a sa shi ya rubuta shafi guda da Hausa: wane ne mai wannan sulke, a wace shekara yake raye, me yake karewa, daga wa? Mai tsaron rijiya a shekarar fari ba zai yi shigar mai fasa birni ba. Sannan a kai ɗalibai wurin dukawa da maɗinka su ga yadda ake ɗinkin ciko da ɗaurin maɗauri, domin tsumma da audugar rimi sun fi soso barin jiki ya sha iska, kuma ba sai an sayo su daga nesa ba. A ranar wasan kwaikwayo kuwa, alƙalai su nemi mai shigar ya yi tafiya, ya zauna, ya tashi, ya yi magana a ji, kafin su dubi ƙyallin fenti.

Da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyar da ta kori mai kwali ta yi asarar maƙeri, wadda ta yi masa tafi kawai ta bar shi ɗan kwaikwayo. Wadda ta zaunar da shi gaban tsohon baduku, ta kuma nemi labarinsa, ita ce za ta ga ranar da kayan aron zai rufe katara.