Suna Linzami: Tarken Ayyukan Ai Weiwei

Gabatarwa

Akwai wani nau'in fasaha wanda ya bambanta da zane da sassaƙa, inda fasihi kan tattaro kayayyakin yau da kullum ya girke su a fili ko a zaure, mai kallo ya ratsa tsakaninsu ya tsinci saƙon da ke ciki. A wannan maƙala za mu dubi ayyukan Ai Weiwei na ƙasar Sin, ɗaya daga cikin fitattun masu wannan fasaha. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ƙarfin aikinsa yana ga raya sunayen waɗanda hukuma ta so a manta da su, rauninsa kuwa yakan bayyana idan nasa sunan ya danne nasu.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Ai Weiwei a birnin Beijing a 1957. Mahaifinsa, Ai Qing, shahararren marubucin waƙoƙi ne wanda hukuma ta kora zuwa yankin Xinjiang tare da iyalinsa, ba su komo Beijing ba sai 1976. Ke nan tun yana yaro ya ga abin da alƙalami kan jawo wa mai shi. Ya zauna a Amurka daga 1981 zuwa 1993, sannan ya dawo gida. A 2011 an tsare shi kwana 81, ba a mayar masa da fasfonsa ba sai 2015, shekarar da ya koma Jamus.

Jigo da Salo

Ranar 12 ga Mayu, 2008, girgizar ƙasa ta auka wa lardin Sichuan, makarantu masu raunin gini suka rufta kan yara. Da hukuma ta yi nauyin baki, sai Ai ya tara 'yan sa-kai suka bi gida-gida har suka tattara sunayen ɗalibai fiye da 5,000 da suka rasu. A kan wannan al'amari ne 'yan sanda suka doke shi a Chengdu a 2009, har aka yi masa tiyata a kai a birnin Munik.

A wannan shekarar ya lulluɓe fuskar wani gidan baje fasaha na Munik da jakunkunan makaranta 9,000. Launukansu suka haɗu suka rubuta maganar wata uwa, wadda ta ce 'yarta ta yi shekara bakwai cikin farin ciki a duniya. Haka kuma ya kwaso rodin makarantun da suka rushe, ma'aikata suka miƙar da su da guduma ɗaya bayan ɗaya, aka shimfiɗa su a Landan a 2015, sunayen yaran na jere a bango. Ɗalibin adabi zai gane wannan salo, domin abin da waƙar makoki ke yi ke nan: ta ciro mamaci daga cikin adadi ta kira shi da sunansa. Rodin ya miƙe, amma mai kallo ya san ba a miƙe laifin da ya lanƙwasa shi ba.

Inda Aka Samu Tuntuɓe

A 2016 Ai ya kwanta rub-da-ciki a gaɓar tsibirin Lesbos na ƙasar Girka aka ɗauke shi hoto, yana kwaikwayon gawar yaron nan ɗan Siriya da teku ya turo gaɓar Turkiyya a 2015. Mutane da dama sun soki hoton, mu ma muna ganin sukar ta dace. A aikin Sichuan fasihin ya ja da baya ya bar wa mamata fage. A nan kuwa shi ya cika fagen, har idon mai kallo ya bar yaron ya koma kan mashahurin da ke kwance. Kyakkyawar niyya ba ta isa ta wanke wannan ba, domin rashin na iyayen yaron ne, yabon kuma fasihin ya kwashe.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Ayyukan Ai Weiwei sun nuna cewa wannan linzami yana iya juyo da hankalin duniya ga abin da masu mulki suka binne. Darasin da ke nan ga ɗalibanmu masu rubuta waƙa ko labari kan wahalar jama'a shi ne su riƙa tambayar kansu: idan mai karatu ya rufe shafi, wa zai tuna, wanda aka zalunta ko wanda ya ba da labarin?