Lamba Huɗu, Mutumin da Ba a Yi wa Tafi

A gidajen kallon ƙwallo na Kiyawa da Shuwarin, kamar na cikin Dutse, da zarar an nuna jerin 'yan wasa a talabijin sai musu ya kaure. Wannan ya ce koci ya tafka kuskure da ya fito da 4-3-3, wancan ya rantse 4-2-3-1 ne maganin abokan karawa. Musun akwai daɗi, amma lambobin nan ba su faɗin komai sai inda kowa zai tsaya kafin alƙalin wasa ya busa usur. Ana take leda sai na gefe ya shigo ciki, na baya ya haura, tsarin da aka zana a allo ya narke. Abin da ke hana ƙungiya watsewa daga nan mutum ɗaya ne a gaban 'yan baya, wanda a filayenmu muke kira lamba huɗu, masu sharhin Turai na yanzu kuma su ce lamba shida.

In kana son ka gane wanda ya iya wannan wuri, ka bar bin ƙwallo da ido, ka kalli wuyansa. Ƙwallo tana ƙafar mai tsaron baya, ba ta ma taso ba, shi ya riga ya waiga hagu, ya waiga dama. Tana tahowa ya sake waigawa. Kafin ta iso ya san wa ke bayansa, ta wane ɓangare yake zuwa, kuma wane abokin wasansa ne ba a tsare ba. Ba ya tsayawa ya ba ragar abokan karawa baya gaba ɗaya. Yakan karkace jiki, kafaɗa ɗaya tana duban gida, ɗaya tana duban gaba, ya bar ƙwallon ta wuce ƙafar kusa ta sauka a ta nesa. Da wannan taɓawar guda ya tare ta, ya juya, ya kuma kauce wa mai zuwa ƙwace ta. Ta biyu fasin ce. Mai kallo ba ya ganin an yi wani abin a zo a gani, don ba a yanke kowa ba, ba a zubar da kowa ƙasa ba. Alhali an bar 'yan gaban abokan karawa biyu ko uku a baya suna haki a banza.

A filin rairayi irin na makarantun firamarenmu aikin ya fi haka wuya. Ƙwallo takan taho da gudu ta cije a yashi, ko ta daki tsakuwa ta yi tsalle zuwa gwiwa. Yaron da ya saba karɓar ta a nan kuma har ya samu sukunin ɗaga kai, ranar da ya taka ciyawa sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

Da can babu wannan gurbi yadda muka san shi. Tsohon tsarin Ingila 2-3-5 ne, mutum biyar reras a gaba, kuma daga nan lambobin riga suka samo ma'ana: 7 da 11 a gefe, 9 a tsakiya, 8 da 10 a kusa da shi. A 1925 aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka riƙa shiga kamar ruwa, sai Herbert Chapman na Arsenal ya janye mutum ɗaya daga tsakiya ya mayar da shi cikin 'yan baya, 8 da 10 su ma suka ja da baya don cike giɓin. Tun daga lokacin ake ta rage 'yan gaba ana ƙara na tsakiya, har aka wayi gari manyan ƙungiyoyi da yawa mutum ɗaya tak suke bari a gaba.

Real Madrid ta koyi darajar lamba huɗu da tsada. A 2003 ta sayar wa Chelsea Claude Makelele, tana ganin tunda akwai Zidane da Figo da Ronaldo ga kuma Beckham ya iso, wa zai yi kewar mai fasin ɗin taku biyar? Sai da ta yi kaka uku a jere ba ta ɗauki La Liga ba. Chelsea kuwa, da Mourinho ya dasa Makelele a gindin 4-3-3, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38 na kakar 2004/05.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Najeriya a gasar cin kofin duniya ta Rasha a 2018. A wasan farko da Kuroshiya, a Kaliningrad, koci Gernot Rohr ya fito da 4-2-3-1 ya sa Mikel Obi a lamba goma, can gaba kusa da Odion Ighalo. Mikel ya yi shekara goma a Chelsea yana karɓar ƙwallo fili na gabansa. Yanzu an ce ya karɓe ta ya ba raga baya, Modric da Rakitic na kewaye da wurin. Aka ci Najeriya 2-0, wasan kuma babu armashi. Ranar 22 ga Yuni, a Volgograd, da za a kara da Iceland, Rohr ya sauya zuwa 3-5-2. Omeruo da Troost-Ekong da Balogun a baya, Mikel ya dawo gabansu inda ya saba, Ndidi da Etebo suna yi masa gudu, Victor Moses ya riƙe gefen dama tun daga gida har gaba, Ahmed Musa da Iheanacho suka tsaya su biyu a gaba. Yawancinsu mutanen jiya ne, amma wurin tsayuwa ya sauya. Gaskiya kafin hutun rabin lokaci ba a ga amfanin sauyin ba, amma da aka dawo sai ƙofa ta buɗe.

Ƙwallayen Musa biyu na ranar sun isa darasi kan aikin ɗan gaba. A ta farko, minti na 49, Najeriya ta ƙwace ƙwallo a gida ta fita da gudu, Moses ya ɗago ta daga dama. Ta zo wa Musa a sama kuma ta ɗan gota shi. Ya miƙa ƙafar dama ya sauke ta, tana tashi daga ƙasa ya narka ta a raga. Ta biyu, minti na 75, doguwa ce Omeruo ya jefa ta gefen hagu. Musa ya riga mai tsaron bayan tashi, ya wuce shi, gola ya fito, ya kewaye shi, sannan (nan ne wurin da nake sake kallo kullum) bai yi gaggawa ba. 'Yan baya biyu sun koma kan layi, ya ƙara taku, ya daidaita jiki, ya zaɓi inda zai sa ta. Mutane suna cewa gudu ne da shi, kuma haka ne. Sai dai masu gudu suna da yawa a kowace unguwa, kuma yawancinsu kullum tutar satar gida ce ke tsayar da su. Gwanintar tana wajen sanin lokacin tashi: ka tsaya daidai kafaɗar na ƙarshe a 'yan baya, idonka a kan mai ƙwallo, sai ya sunkuyar da kai zai buga ka fizga. Musa ya riga ya iya wannan tun yana Kano Pillars, inda ya ci 18 a kakar 2009/10 kafin ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, da wannan lissafin ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994: Finidi George ya shimfiɗo ta daga dama, shi kuma ya riga 'yan Bulgeriya isa bakin raga, taɓawa ɗaya.

Tsakanin lamba huɗu da ɗan gaba akwai lamba goma, kuma duk wanda ya taɓa shiga motar Kano don kallon Pillars, Sai Masu Gida, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya san Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele. Yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Pillars kofin Firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ya kuma haura shekara 40 yana bugawa. Ba da tsere ya daɗe ba. Yakan laɓe ne a ɗan ratar da ke tsakanin 'yan tsakiyar abokan karawa da 'yan bayansu, wurin da kowa ke zaton aikin wani ne ya tsare. In mai tsaron baya ya fito ya tare shi, ya bar rami a bayansa, fasin ta bi ta nan. In ya ƙi fitowa, Rabi'u ya juya ya auna raga, ko a yi masa ƙeta a ba da bugun tazara, wanda shi ma abincinsa ne.

Irin wannan ɗan wasa yana da sharaɗi. Ba zai koma gida yana bin mutane da gudu ba, don haka dole koci ya ajiye masa matasa biyu a baya masu huhu, ɗaya ya ƙwato, ɗaya ya miƙo masa. Wato 4-2-3-1 ke nan, tsarin da ya shaƙe Mikel a Kaliningrad, shi ne kuma wanda lamba goma na haƙiƙa ke numfashi a cikinsa.